Ranar da Rada Ta Ga Surukina

Wanda bai zauna a Jidda a wancan zamanin ba, ba zai gane abin da ruwan sama yake yi wa hankalinmu ba. Ga teku shimfiɗe a ƙofar gari, amma ruwan sha sai an saya a tanaka, gwangwanin nan mai kusurwa huɗu da kananzir ke zuwa a ciki, a wanke shi a mai da shi tulu. Wanda ake kawo mana unguwarmu Karantina kuwa, in ka kurɓa sai ka ji ɗanɗanon jakin da ya jawo shi. Shi ruwan sama sai ya ga dama yake leƙo mu, sau ɗaya ko biyu cikin sanyi, wata shekarar ma hadari kawai zai aiko ya gaishe mu ya wuce. To ranar da ya sauko, duk unguwa ba mai sauran hankali. Tela ya bar keke, mai tsire ya bar wuta. Da idona na ga wanzami ya bar mutum da rabin kai a aske ya fita da tasa, mai kan ma bai yi fushi ba, don shi ma bin bayansa ya yi da butar alwala. Wanda ba shi da abin tarar ruwa sai ya cire hula ya tsaya a fili, tunda an ce ruwan farko albarka ne a jiki.

Surukina, mahaifin mai ɗakina, shi ne sarkin masu wannan ciwo. Masunci ne, dattijo siriri kamar igiyar fatsarsa, yana da kwalekwalen katako mai shira'i ɗaya, wato zanen da iska ke turawa. Da sanyi ya shigo, tanakokin wofi da yake lodawa a kwalekwalen sun fi ƙugiyoyinsa yawa. In ruwa ya same shi a teku, sai ya sauke shira'in, shi da abokin aikinsa su kama gefe da gefe, su bar tsakiyar ta lotsa, ruwa ya taru su tsiyaye cikin tanaka. Haka duk tsofaffin masuntan unguwarmu suke yi, ba sa duba inda suke. Inda suke ɗin kuwa kullum wuri ɗaya ne: bakin ƙofar waje, inda duwatsun murjani suka bar 'yar hanya jirage na bi su shiga tasha. A can kifi yake taruwa. Ranar da gari yake tas ba wata damuwa, tun jirgi yana kamar ƙuda suke hango shi, su kauce, har su ɗaga mana hannu.

Ni a lokacin, ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ke nan, ina riƙe da sitiyari a wani ƙaramin jirgin ƙarfe mai ɗauko raguna daga Bur Sudan. In iska ta biyo ta bayanmu, mutanen tasha sukan san mun taho tun muna tsakiyar teku. Mai ɗakina ta ce har sallamata warin rago take. Shugabanmu nakuda, haka muke kiran kyaftin, tsoho ne ɗan Yaman da ya fara aiki tun a jiragen katako. Ya san duwatsun Jidda fiye da haƙoransa, don su haƙoran sun fara gudu suna barinsa. Mutum ne mai tsabta har ta yi masa yawa, a jirgin raguna yake yawo da farar riga ba ɗigo. Mataimakinsa saurayi ne ɗan Sudan da ya yi makarantar aikin jirgi, uwarsa Bahaushiya ce, yana jin Hausa sarai, amma in ya mayar maka sai ta fito sanye da rawanin Larabci.

Shekara guda kafin abin da zan faɗa, mai jirgin ya sa mana rada. A saman ɗakin tuƙi aka kafa wani ƙarfe kamar taɓarya a kwance, yana ta juyawa ba gajiya. A ciki kuma akwati ne mai zagayayyen gilashi kamar faifai, wani siririn haske yana kewaya shi kamar hannun agogon da ya haukace, duk abin da ya taɓa a teku sai ya bar ɗigo. Mu ne a tsakiyar faifan. Daga tsakiyar akwai wani layi a tsaye da ba ya motsi, shi ke nuna inda hancin jirgi ya dosa. Da rana ba a ganin komai sai an tusa fuska cikin wata hular roba da aka kifa a kan gilashin, don haka mutum ɗaya ke kallo, sauranmu mu saurari labari.

A gefe akwai maɓallai da ake murɗawa irin na rediyo. Ɗaya na nisa ne, ka ce mata ta duba mil goma sha biyu, ko uku, ko abin da bai kai haka ba. Ɗaya na ƙarfin ido. Biyu kuma mu tsintsiya muke ce musu: ɗaya tana share burbuɗin da igiyar ruwa ke watsawa kewaye da jirgi, ɗaya tana share dabbaren da ruwan sama ke yi. A kan tsintsiyoyin nan nakuda da mataimakinsa suka shekara suna faɗa cikin ladabi. Mataimaki ya ce dole a bar ɗan burbuɗi a gilashi, don tsintsiya ba ta san bambancin kumfar teku da kwalekwale ba, in ka matsa mata duka take kwashewa, katako kuwa dama da ƙyar rada ke jin sa, ba kamar ƙarfe ba. Nakuda ya ce ya ji. Da saurayin ya sauka cin abinci, sai tsoho ya tusa fuska cikin hula, ya ce wannan ai tabarmar da kaji suka yi kalaci a kai ce, ya murɗa har gilashi ya yi fes. Mataimaki ya dawo ya mayar. Ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya, maɓallan ne dai suka sha wahala har fentinsu ya goge. Kuma ba abin da ya taɓa faruwa, don a tekunmu yawancin kwanaki ido yana gani har inda ya gaji.

Ranar da nake ba da labari, da hantsi ne, cikin sanyi. Fararen gidajen Jidda sun fara fitowa, ina ta tunanin abin da za a dafa mini, sai hadari ya taso baƙi ƙirin, ya zo ya zauna daidai tsakaninmu da gari kamar an aiko shi. Mataimaki yana ƙasa wajen raguna, an ce wasu sun faɗi ana tattaka su. Nakuda ya rage gudu, ya ja ƙahon jirgi, ya leƙa rada. Ya ce ruwan ya zuba wa gilashinsa kunu. Ya kai tsintsiyoyin biyu har ƙarshe, ya ɗago yana murmushi, ya ce yanzu yana ganin alamun ƙarfe biyu na bakin ƙofa ras, ga wani babban jirgi can nesa a tsaye, hanya kuma wayam.

Ruwa ya kece. Ba irin wanda ake ce wa yayyafi ba, sai ka ce an kifar da wata tekun a kan tamu. Kafin taga ta rufe gaba ɗaya, abin da na gani na ƙarshe shi ne mai tsaron hancin jirgi, wani ƙato ɗan unguwarmu da ba shi da wani aiki sai ya tsaya can gaba ya zuba ido, ya tuɓe riga ya rungumo tukunyar kuku yana gudu da ita zuwa inda tamfol ke zubo da ruwa. Bayansa sauran ma'aikata, kowa da bokiti. Ba mugunta ba ce, ba kuma lalaci ba. 'Yan Jidda ne suka ga ruwa.

Dariya na fara, amma ba ta ƙarasa fita ba. In masu aikin jirgin ƙarfe sun yi haka, to me tsoho surukina yake yi yanzu? Na san amsar. Yana gabanmu a bakin ƙofa, shira'i a sauke, ya ba duniya baya yana cika tanaka. Ba zai gan mu ba. Ƙahon ma ba zai ji ba, don ruwa a kan tanakar wofi ya fi makaɗan biki ƙara. Ni kuma, mijin 'yarsa, ni ke riƙe da sitiyarin da zai bi ta kansa.

Na ce wa nakuda akwai masunta a ƙofa. Ya ce gilashi ba kowa, in ma da suna nan, sun ga hadari sun gudu. Na ce mutanen nan ba sa gudun hadari, tun bara suke jiransa. Na gaya masa yadda suke yi da shira'i, na ce surukina yana cikinsu. Ya dube ni, ya dubi tagar da ba a ganin komai ta cikinta. Mutumin da ya yi jirgin katako ya san ƙishirwa, bai ƙara musu ba. Ya yi magana ta bututu ya ce a turo mataimaki yanzu-yanzu, ya ja hannun inji zuwa mafi ƙanƙantar tafiya. Ni so na yi a tsaya cak, har na faɗa. Ya ce in aka tsayar da inji jirgi zai daina jin sitiyari, iska ta ɗora mu kan dutse, mu da raguna kifi ya yi sallah da mu.

"Riƙe hanyarka," in ji shi. "Idonka a kan kamfas."

Mataimaki ya shigo yana ɗigar ruwa, da gashin rago maƙale a gira.

"Ammi nakuda, a ba ni gilashin," in ji shi, don baffa yake ce masa da Larabci.

"Ɗauka, ya waladi, ɗana. Nemo mini mutanen wannan."

Ya tusa fuska cikin hula. Daga nan muryarsa ta koma ta mai magana daga cikin rijiya, yana faɗin abin da hannunsa ke yi, rabi Larabci rabi Hausa. Ya dawo da nisa daga mil goma sha biyu zuwa uku, sannan ɗaya da rabi, don abin da ke kusa ya girma. Ya sassauta tsintsiyar igiyar ruwa a hankali har burbuɗi ya dawo. Ta ruwan sama ya rage ta bai cire duka ba, ya ɗan sauke ƙarfin ido don kunun ya tsinke. Ya ce burbuɗin teku tsalle yake yi, kowane zagaye yana sabon wuri, shi abin da yake nema shi ne ɗigon da haske zai dawo ya tarar inda ya bar shi. Ya ci gaba da dubawa, mu muna jira. Furfurar nan da ke gemuna, a cikin wannan jiran ta tsiro.

Can ya ce ga ɗaya a hagu, nesa da hanya, ba ruwanmu da shi. Ga wani a hagun dai, ya fi matsowa, amma in mun riƙe yadda muke za mu wuce shi lafiya. Na fara sauke numfashi. Nakuda ya tambaya ko shi ke nan. Mataimaki ya ce saura wuri ɗaya bai duba ba, ƙarƙashin layin hanci, don layin yana da kauri, yakan kwanta a kan ƙaramin abu ya rufe shi. Akwai maɓallin da in an danna layin yake ɓacewa muddin yatsa na kai. Na ji ƙarar dannawar.

"Akwai na uku," in ji shi. "Daidai hancinmu. Bai kai rabin mil ba."

Ya jira haske ya zagayo, ya sake zagayowa. Ya ce ɗigon bai karkata ko'ina ba, gangarowa kawai yake ta kan layi zuwa tsakiya. Tsakiya kuwa mu ne.

Ga yadda muke a lokacin: hagu akwai kwalekwale na biyu, dama akwai dutsen murjani. Mataimaki ya ce rada tana nuna masa alamar ƙarfen da ke kan dutsen, amma shi dutsen yana ƙarƙashin ruwa, ba ta ganinsa, ba zai iya cewa ga iyakarsa ba. Nakuda ya ce wannan nasa ne. Dutsen dama a tsaye yake kamar bango, ruwa mai zurfi ne har jikinsa, in dai mutum ya san inda zai daina. Ya sa mataimaki ya riƙa faɗa masa nisan alamar da nisan kwalekwalen bi da bi, shi kuma ya zo ya tsaya a bayana har ina jin ƙamshin gahawa a numfashinsa.

"Dama, shuwayya, kaɗan-kaɗan."

Na murɗa. Jirgi mai tafiya a hankali ba ya saurin amsawa, sai ka ce jakin da aka tasa daga barci. Na ƙura wa kamfas ido ina lallashinsa a zuci, har alkawura na yi masa. Da ƙyar ya motsa. Mataimaki ya ce ɗigon ya fara zamewa daga kan layi zuwa hagu. Nakuda ya ce a ƙara, na ƙara. Nisan alama na raguwa, nisan kwalekwale na raguwa, saurayin yana jero su kamar mai biya karatu, har nakuda ya dafa kafaɗata ya ce halas, wato ya isa, in tsayar a nan. Na mayar da sitiyari na tsayar.

Mataimaki ya ɗago da shatar roba kwance a goshinsa, ya ce ɗigon ya shige cikin hasken tsakiya, ya yi kusa da yawa, rada ba ta da sauran magana. Su biyu suka fita barandar hagu cikin ruwan, suka bar ƙofa a buɗe. Ni ido ɗaya na bar wa kamfas, ɗaya na aika ƙofar.

Ta nan na gan shi. Kwalekwalen ya fito daga cikin ruwan kamar an yaye labule, kusa da mu har da na tofa yawu da cikin tanaka zai sauka. Tsoho yana tsaye ya ba mu baya, bakin shira'i a haƙoransa, hannu biyu riƙe da gwangwani, abokin aikinsa ya kama ɗaya gefen. Sai da jikin jirgi ya rufe musu sama ya waiwayo. Muka wuce. Ko da a hankali muke, igiyar da muka tayar ta ɗaga kwalekwalen ta ajiye, ta sake ɗagawa, tanakoki suka bi juna suna kifewa. Shi bai faɗa ba. Na ga ya saki shira'in ya ɗaga hannu biyu yana yi mana daƙuwa, bakinsa na aiki. Ban ji abin da yake faɗa ba, na dai san ba addu'a ba ce, kuma tunda nake ba a taɓa zagina na ji daɗi haka ba.

Nakuda ya dawo ya karkato da mu daga jikin dutse, muka shiga ƙofa. Ba a jima ba ruwan ya ɗauke kamar yadda ya zo, rana ta fito tana yi kamar ba ta san komai ba. Muka waiwaya, ga kwalekwale uku duka a kan ruwa, mutane a ciki suna kwarfa. Mataimaki ya karɓi sitiyari, na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ba dalili, raguna na amsa mini daga cikin jirgi. Nakuda ya sa aka kira mai tsaron hanci ya wanke shi tas da Larabcin Yaman, ya kuma sa mataimaki ya fassara masa da Hausa don kada ya yi asarar ko kalma ɗaya. Da ya gama ya tambaya ko tukunyar ta cika. Aka ce ta cika. Ya ce a ɗebo masa kofi ɗaya. Sannan ya leƙa cikin hular rada, ya daɗe a ciki, ya ce har yanzu abin ba kyan gani, ya ɗago bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba.

Sai bayan la'asar na isa Karantina, unguwa ta zama taɓo. A bakin ƙofa na gaya wa mai ɗakina. Ta zauna a ƙasa inda take, sannan ta ɗauki mayafi ta ce in tashi mu je. Muka tarar da tsoho a ƙofar gidansa cikin maƙwabta yana ba da labari, jirginmu ya riga ya kai tsawon daga nan zuwa unguwar Mahjar. Ita ta shige ciki wajen uwarta. Ni na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaida Baba, ya amsa yana kallon wani wuri. Tsakanin mutum da mijin 'yarsa ba a magana kai tsaye, don haka sai ya juya ga wani tsohon tela da ke gefensa.

"Malam, tambayar mini wancan. A jirginsu makafi ake ɗauka aiki, ko kuwa a can suke makancewa? Kada ya ce ba su ba ne. Ko ban waiwaya ba hancina ya gaya mini."

Na roƙi tela ya gaya wa Baba an gan shi, da ba a gan shi ba da yanzu wani zaman ake yi a ƙofar nan ba wannan ba. Tela ya maimaita kalma da kalma, ko da yake tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba. Tsoho ya ce zancen banza, a ruwan nan ko tafin hannunka ba ka gani. Na yi wa tela bayanin taɓaryar da ke juyawa da faifan da ke ciki. Baba ya sa a tambaye ni ko abin ya gan shi har da gemunsa. Na ce ɗigo kawai aka gani, mataimaki ma ya ce mai yiwuwa tanakokin ne suka taimaka, tunda ƙarfe ya fi katako fitowa. Ya ce madalla, su suka cece shi mu kuma muka saka musu da kifarwa, ruwan shekara guda ya koma wa teku, ita da ba ta roƙa ba.

Na sunkuyar da kai na ce wa tela ya roƙar mini Baba, don Allah in ya ga hadari ya riƙa matsawa daga bakin ƙofa. Baba ya ce a gaya mini yana wannan ƙofar tun ba a haƙo ƙarfen da aka ƙera jirginmu da shi ba, in akwai mai matsawa to mu ne. Maƙwabta suka gyaɗa kai. Sai muryar surukata ta fito daga bayan danga, don 'yarta ta riga ta ba ta labarin yadda yake, ba yadda ake ba da shi a waje ba.

"Maigida, gobe ka koma ƙofar. Amma kafin ka fita ka nuna mini inda ka ajiye likkafaninka, kada a sa ni nema."

Tsoho ya yi tari, ya gyara hula, ya kalli sama. Can ya ce wa tela, shi dama ya lura kifin bakin ƙofa ya ƙanƙance 'yan kwanakin nan, da sanyi cikin duwatsu ya fi albarka, can zai koma, ba don kowa ba. Tela ya juyo zai maimaita mini, na ce na ji.

Baba ya tashi ya shiga gida, don ba zan ci abinci a gabansa ba kuma ya sani. Aka fito mana da tiren shinkafa da kifin da ya kama da safe, ni da tela. Na ci, na ƙara, ina jin muryarsa daga ciki yana sake ba mata labarin tun daga farko, tsawon jirgin ya wuce Mahjar ya doshi unguwar Waziriyya.